Amsar Tambaya: Karatu daga waya zuwa rediyon tsohuwar mota

Wani direban haya da ke jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ya aiko yana tambaya: yaya zai sa karatun Alƙur'ani da ke wayarsa ya fito ta rediyon Golf ɗinsa, ba tare da ya cire wadda motar ta zo da ita ba?

Ya fara duba fuskar rediyon. In akwai ɗan rami mai faɗin milimita 3.5 da aka rubuta AUX, igiya ɗaya ta wadatar. Mai cin kaset kuwa, akwai kaset mai wutsiyar waya da ake zura mata, kuma sautinsa ya fi yadda ake zato.

In babu ko ɗaya, sai na'urar FM da ake sokawa a ramin kunna sigari. Tana watsa sautin kamar ƙaramar tasha, rediyon ta kama. A nan ake yawan kuskure: ya nemi lambar da babu tashar Dutse ko Kano a kanta, in ba haka ba shuuu zai yi ta ji. Motocin da aka shigo da su daga Amurka lambobi irin 88.1 da 88.3 kawai suke kamawa, ba sa tsayawa a 88.2.

Da ya kashe mota ya zare na'urar, don a wasu motocin ramin ba ya ɗauke wuta, sai batir ya kwana yana zuƙewa.