Darasi: Yadda ake haɗa sana'a biyu a wasan Neverwinter Nights ba tare da asarar maki ba

Matashin da ke tsaron shago a Kasuwar Singa, yana latsa waya kafin a gama sauke buhunan sukari daga tirela, zai iya shafe makonni yana gina jaruminsa a Neverwinter Nights, daga baya ya lura makinsa ya daina hawa kamar da. Sau da yawa laifin na wata tsohuwar doka ce da wasan ya gada.

Kamfanin BioWare ya fitar da wasan a 2002, yanzu kuma akwai shi a wayoyin Android. An gina shi kan dokokin Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda ake yi a kan tebur da takarda da ɗan lido. A bugu na 3 na dokokin, na shekarar 2000, ɗan wasa yana zaɓar jinsin jaruminsa, sannan ya zaɓa masa sana'a: Fighter mayaƙi, Wizard mai sihiri, Rogue gwanin sanɗa da buɗe makullai, da sauransu. Duk lokacin da jarumi ya hau mataki, ana iya ƙara masa wata sana'ar.

A nan tarkon yake. Idan tazarar da ke tsakanin sana'o'in ta wuce mataki 1, ana zaftare kashi 20 cikin 100 na duk makin da jarumin ya samu. Aikin da ya kamata ya kawo maki 1,000 sai ya kawo 800.

Mafitar ita ce sana'ar gado. Kowane jinsi yana da sana'ar da ba a saka ta cikin wannan lissafi: Dwarf mayaƙi, Elf mai sihiri, Halfling ɗan sanɗa, Half-orc kuma Barbarian. Kamar yaron da ya tashi a shagon shinkafar mahaifinsa ne, ko ya ƙara da sayar da taliya, shinkafar ba ta cin masa lokacin koyo. Don haka Elf mai mataki 6 a Fighter da 2 a Wizard ba ya asarar komai. Dwarf mai mataki 6 a Rogue da 2 a Wizard kuwa zai sha yankan, domin babu sana'ar gadonsa a ciki. Ɗan Adam da Half-elf sun fi kowa sauƙi, sana'ar da suka fi nisa a cikinta ita ake ɗauke musu, shi ya sa ɗan Adam ya fi dacewa da sabon shiga.

Ko babu yanka, raba ƙafa yana da tsada. Mai sihiri yana samun Fireball a mataki na 5, duk matakin da aka kai wata sana'ar yana jinkirta shi.

Wasannin baya sun sassauta. Pathfinder na 2009 ya bar wa ɗan wasa zaɓin sana'ar gadonsa, har da ɗan tukuici a kowane mataki. Bugu na 5 na 2014, wanda Baldur's Gate 3 ya ginu a kansa, ya watsar da yankan makin gaba ɗaya. Amma a Neverwinter Nights dokar tana nan, kuma ba a sauya jinsi bayan an fara wasa.