Kafin Ka Yarda a Sa Sunanka Cikin Amintattu

Ɗana, na ji cewa ƴan ƙungiyarku ta tallafa wa marayu sun zaɓe ka cikin amintattu, na kuma yi maka murna, domin ba a ɗora wa mutum irin wannan nauyi sai an ga alamar gaskiya tare da shi. Amma ka ba ni aron hankalinka kaɗan, domin akwai maganar da ba a yin ta ranar da ake tafi da addu'a, sai ranar da asusu ya ƙafe, ma'aikata suka tsaya bakin ƙofa suna jiran haƙƙinsu.

Mu nan Minna ba baƙin aikin ƙungiya ba ne. A garin nan hedikwatar Islamic Education Trust take, wadda Sheikh Ahmed Lemu da Hajiya Aisha Lemu da Alhaji Sani Ashafa suka kafa a 1969, a nan kuma aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Hajiya ta rasu a 2019, Sheikh ya bi ta a 2020, Allah ya jiƙan su, ayyukan kuwa suna nan suna tafiya. Sai dai a bayan waɗannan manyan akwai ƙanana birjik a Tunga da Bosso da Kpakungu da Limawa, Islamiyyu da ƙungiyoyin zawarawa da na marayu, waɗanda kyakkyawar niyya ta haifa a zauren wani bawan Allah. Da yawansu ba su da rajista, amma sun ɗauki malamai da maigadi da mai shara, ana biyan su wata-wata.

To ka sani, ɗana, ƙungiyar da ba ta da rajista, doka ba ta san ta a matsayin mai cin gashin kanta ba, saboda haka ba ta kai ƙara da sunanta, ba a kuma kai ta. Ko ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ba ta tsira daga wannan ba, domin a 1989, cikin shari'arta da marigayi Gani Fawehinmi, Kotun Ƙoli ta ce ba ta da wannan matsayin. To ina ga taku ta unguwa? Ranar da maigadinku ya nemi haƙƙinsa, sunayen mutane za a rubuta a sammaci, wato wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki da waɗanda suka zauna suka amince a ɗauke shi, idan kuwa kayan ƙungiya ba su isa biya ba, ana iya gangarowa aljihunku, albashinka ne ko babur ɗinka ko ɗan filin da ka saya a Maitumbi.

Abin da ma'aikaci ke bin ku ba ɓoyayye ba ne. Na farko albashin da ya taru. Na biyu wa'adin sallama, wanda sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ya yi shekara 2 bai kai 5 ba, wata guda ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Na uku kuɗin sallama. A Ingila doka ta yanke adadinsa ga wanda ya cika shekara 2 a aiki, a nan kuwa sashe na 20 cewa ya yi mai aiki ya sanar da wakilan ma'aikata dalilin ragin, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa a daidaita kan abin da za a biya. Kada wannan sassauci ya ruɗe ka, domin in kun rubuta wa mutum alƙawarin garatuti a takardarsa, ya zama bashi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuwa takardar za ta duba, ba za ta tambayi niyyarku ba.

Kuma rufewa ba ta sallama kafin ta shigo. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ƙungiyoyi masu ofis da motoci suka wayi gari suna sallamar ma'aikata. Ƙaramar ƙungiya kuwa rasuwar attajiri ɗaya ta ishe ta. Na taɓa zama a irin wannan taron na ƙarshe, ma'aji ya buɗe littafinsa mai bangon kwali, ya bi sunaye da ɗan yatsa, kowane suna da bashin watanni a gabansa. Aka sayar da janareta da bencina da tankin ruwa, kuɗin bai kai rabi ba. Maigadin, dattijo ne mai furfura, bai ɗaga murya ba, ya dai cire hularsa ya riƙe a hannu ya ce, "Alhaji, ni kai na sani, kai ka ce in zo in kama aiki." Maganarsa kuwa daidai take da ta doka.

Saboda haka, ɗana, abu na farko ku je ku yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada. Za ku kai tsarin mulkin ƙungiya da sunayenku, a buga sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Daga nan ƙungiya ta samu sunan kanta, da shi za ta ɗauki ma'aikaci, ta mallaki fili, ta ci bashi, ranar rushewa kuma sai an biya basussuka tukuna, abin da ya rage a miƙa wa wata mai irin aikinta, ba a raba wa mambobi. Amma rajista ba laya ba ce, domin ba ta kare wanda ya ci amana, ko wanda ya tsaya wa ƙungiya lamuni da sunansa.

Na biyu, kada ku ɗauki mutum da fatar baki, kada kuma kunya ta sa ku rubuta alƙawarin da ba ku da halin cikawa. Na uku, duk wata ku ware wani abu ku ajiye don ranar sallama, ko da zuciya tana cewa gara a sayo wa marayu shinkafa, domin malamar da ke koyar da su ita ma tana da bakunan da take ciyarwa. In kun ga alamar tafiya ta zo ƙarshe, ku faɗa wa ma'aikata da wuri su nemi madafa, ku rufe tun da sauran abin biya a asusu, ku kuma fara da mai ƙaramin albashi.

Ban faɗi wannan don ka janye ba, domin aikin lada ne, gari kuma yana buƙatar matasa irinka. A zamanku na gaba dai, cikin ladabi, ka nemi a nuna maka takardar rajista da takardun ma'aikata da abin da ke asusu. Wataƙila wani dattijo ya ji haushi, ka yi haƙuri da shi, domin mutuncinsa kake karewa tare da naka. Allah ya dafa maka, ya sa ka sauke nauyin lafiya.