Ginin Kano Zai Yi a Legas?

Tambaya: Ni Bakano ne mazaunin Agege a Legas. Na sayi fili, ina so in yi gini mai kaurin bango da ƙananan tagogi irin na gida, don in rage kuɗin wuta. Zai yi sanyi?

Amsa: Allah ya sanya alheri, Malam. Sai dai ka ɗan dakata, domin zafin Kano daban, na Legas daban.

A Kano iska busasshiya ce, dare kuma yakan huce. Bangon ƙasa mai kauri ya shanye zafin rana, ya sake shi bayan gari ya yi sanyi. A Legas kuwa iskar cike take da laima, sau da yawa fiye da kashi 80 cikin ɗari, kuma dare bai cika hucewa ba. Bango ya kwana da zafinsa, kai ka kwana cikin gumin da ba ya bushewa, kayan cikin akwati su yi funfuna. A Legas jiki iska mai wucewa yake nema.

Saboda haka kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu, iska ta shiga nan ta fita can. Rashin wannan ne ya sa gidajen haya masu lungu a tsakiya, ɗaki na kallon ɗaki, suke turara mutane. Iskar teku daga kudu maso yamma take zuwa, kada katanga ko shago su tare ta. Ka lura kuma, tagar da ake turawa gefe rabi kawai take buɗuwa. Idan ka je Jami'ar Ibadan, dubi gine-ginen da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a shekarun 1950: bangon huda-huda ne, ga inuwa ga iska.

Dogayen bangaye su fuskanci arewa da kudu, domin ranar safe da ta la'asar su suka fi dukan gini. A gida mara bene, yawancin zafin ta rufi yake shiga. Ka sa kwano mai farin launi, ya zarce bango sosai don inuwa da feshin ruwa, a bar kafa tsakaninsa da silin inda zafi zai fice.

In an yi haka, fanka za ta wadatar a mafi yawan kwanaki. Ita watt 50 zuwa 75 take ci, na'urar sanyaya ɗaki kuwa kusan 1,000. In dole sai ka sa na'urar, ware mata ɗaki ɗaya wanda yake rufuwa ruf. Ka zauna da mai zanen gini a kan waɗannan tun kafin birkila ya ja igiya.