Darasi: in akwatin bolan na zubar da mai

Ƴan uwa manoma, kaka ta zo. Motar ƙungiya ce za ta kai wake da gero kasuwa. In bolan ya ƙi juyawa bisa hanya, da kaya da mutane a baya, hasarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Sau da yawa ɗigon mai ne mafarin abin.

Mine ne akwatin bolan?

Shi ne masu garaji ke kira buwat diraksiyon. Shi ke karɓar juyin bolan ya kai wa tayoyin gaba. Iri biyu ne. Wanda ba ya da famfo yana shan mai mai kauri, lamba 90. Mai famfo, kamar na Land Cruiser da Hilux da yawa, yana shan jan mai, Dexron II ko III.

Alamomi

Ɗigon jan mai ƙarƙashin gaban mota da safe. Famfo na kuka in an juya bolan. Bolan ya yi nauyi. Mai ya ragu cikin gwangwaninsa, ko ya yi kumfa.

Neman wurin yoyo

1. Ku wanke akwatin da gazuwal, ku goge ya bushe. Ƙura da tsohon mai suna ɓoye wurin.
2. Ku cika mai, ku tada injin, mutum guda ya juya bolan dama da hagu. Kada ya danne shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5.
3. Ku kashe injin, ku duba daga sama zuwa ƙasa. Mai gangarowa yake yi: wurin da ya jiƙe mafi sama, nan ne yoyon.

Wurare huɗu ne: bakin tiyo, jikin famfo, zoben roba na sama inda sandar bolan ke shiga, da na ƙasa inda hannun ƙarfe ke fita. Zoben shi ne juwan sipi. Zafi na busar da shi, yashi na cinye shi.

Gyara

In bakin tiyo ne, a ɗaure, a sa sabon wanshar jan ƙarfe. In tiyo mai matsi ya tsage, a canja shi. Ɗaurin roba ba ya riƙe shi.

In zoben ƙasa ne, aikin makaniki ne. Ya yi alama kafin ya cire hannun, don ya koma yadda yake. Ya cire shi da majanyi, ba da guduma ba. Ku sa ya shafa sandar da farce: in ta yi zane, sabon zobe ma zai yoyo.

Bayan gyara a fidda iska. A ɗaga gaban mota da kirik, a tokare, a riƙa juya bolan ƙarshe zuwa ƙarshe injin a kashe, ana ƙara mai har kumfa ta ƙare.

Gargaɗi

Kada ku zuba man birki ciki: yana kumbura roba, zobe duka su lalace. Kada ku ce ƙarin mai kullum ya isa. Famfon da ya juya babu mai ya mutu, kuma kuɗinsa ya ninka na zobe nesa ba kusa ba.

Direba, kowace safiya ka duba mai, ka leƙa ƙarƙashin mota, kafin a ɗora buhu na farko.