Gyaran baka: kankare wurin da ya ƙi tanƙwara

Wani saurayi na makarantar yaƙi da jahilci ta Sabon Maci ya kawo mana bakan da ya sassaƙa da hannunsa. Shi ne bakansa na farko. Ya ce kibiya ba ta zuwa nesa, tsirkiya kuma tana dukan hannunsa. Har ya so ya sa shi wuta. Muka ce ya dakata mu duba.

Da farko muka tambaye shi icce. Dargaza ce, kuma dargaza icce ne mai kyau na baka. Amma ɗanya ya sassaƙa ta, kwana huɗu bayan ya sare ta. Ɗanyen icce in ya tanƙware ba ya komawa daidai, don haka ba ya tura kibiya da ƙarfi. A ajiye shi a inuwa kamar wata 3 na rani. Kada a shanya shi a rana, zai tsage.

Babban aibin yana wani wuri. Muka ɗaura tsirkiya, saurayin ya ja kaɗan, mu kuma muka tsaya nesa muna kallo. Reshen sama ya tanƙware sosai a wuri guda. Reshen ƙasa ya tsaya ƙyam kamar taɓarya. Irin wannan baka, wurin nan guda shi ke ɗaukar wahala duka, kuma nan zai karye wata rana, wataƙila a fuskar mai shi.

Ga yadda ake ganewa ba tare da gardama ba. Daga tsakiyar baka, auna santimita 30 zuwa sama, ka sa alama da gawayi. Auna santimita 30 zuwa ƙasa, ka sa alama. Sai ka auna daga kowace alama zuwa tsirkiya. In sama ta ba ka 13, ƙasa ta ba ka 9, to reshen ƙasa ne mai taurin kai.

Shi za ka kankare. Wurin da ya riga ya tanƙware, kada wuƙa ta taɓa shi ko kaɗan. Nan ne sababbin hannu ke kuskure. Ajiye gizago, aikinsa ya ƙare. Ɗauki wuƙa ko fasasshiyar kwalba. Kankara sau 10, ja tsirkiya a hankali, sake aunawa. Icce in ka rage shi, ba ya dawowa.

Kuma cikin baka ake kankarewa, wato gefen da ke duban mai harbi. Bayan baka, a bar shi yadda yake. Shi ke miƙewa in an ja, tsaga ƙarama a nan ta isa ta kashe bakan. In ka ji ƙara "ƙas" kana cikin ja, sassauta nan take.

Dukan hannu kuwa, tsirkiya ce ta yi tsawo. Murɗa ta ta gajarta, har dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe ya shiga tsakaninta da baka. Tsirkiyar fata tana saki da damina. In an gama, a kwance ta, a shafa wa baka man gyaɗa. Kada a saki tsirkiya babu kibiya.

Saurayin zai sake wani da busasshen icce. Mun ce masa ya gwada hannunsa a kan damin kara, bayan gari, inda ba yara ba bisashe. Farauta a Nijar tana da doka, ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998. Dajin Gadabeji an keɓe shi tun 1955, ba a harbi a ciki. Mai son fita farauta, ko saran icce a daji, ya fara ganin ma'aikatan gandun daji.