Rangadi a Ƙasar Duwatsu Bayan Ɗaukewar Ruwa

A ƙasashen Turai, inda dusar ƙanƙara ke zuba, sanyi kan wuce a kwari har itatuwa su yi toho, amma a bisa duwatsu ƙanƙarar na nan kwance, tana narkewa a hankali tana mai da turba taɓo. Matafiya da yawa sun halaka don sun auna dutse da abin da suka gani a ƙofar gidansu. Dusar ƙanƙara ba ta zuba a ƙasar Kano, amma irin wannan ruɗi yana nan, kuma ya kamata Hakimai da malamansu su san shi.

Wanda ya tashi daga Bebeji ko Ƙiru a watan Oktoba zai bar dawa a tsaye cikin gona, ƙura ta fara tashi. In ya bi ta Kwanar Ɗangora ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya shiga ƙasar Doguwa, sai ya tarar damina ba ta gama sallama ba. Ruwa ya fi yawa a kudu, yakan riga sauka, ya kuma jima bai ɗauke ba. Duwatsun Riruwai kuwa ba sa shan ruwa kamar jigawa. Abin da ya zuba a kansu gangarowa yake yi, ya taru a gindi, ya yi ta tsatsa makonni bayan hadari na ƙarshe. Nan ne doki ke nutsa har gwiwa, babur ya kafe.

Rafi shi ne babban abin tsoro. Yana iya cikowa alhali rana na ƙwallewa, domin an yi ruwa can bisa dutse inda ido bai kai ba. In ruwan ya yi ja, yana ɗauke da karare da kumfa, to, ƙaruwa yake yi. In ya wuce gwiwa kuma yana gudu, kada a shiga, a zauna a bakin gaɓa. Irin waɗannan rafuka kan janye cikin 'yan sa'o'i, kuma babu takardar da gaggawarta ta kai ran masinja.

A kan fā, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a guji inda ya yi baƙi ko kore, gama gansakuka ce, ta fi sabulu santsi. A wajen Riruwai akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza, cike da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsu. Baƙo kada ya bar turba sai da ɗan gari a gaba. Haka kuma gefen tafkin Tiga, wanda aka datse a 1974: a ƙarshen damina ne ruwansa ya fi cika, har ya shafe hanyoyin da ake bi da rani.

Saboda haka malamin Hakimi ya aika wa Dagaci tun ana jibi tafiya, ya tambayi halin kowace mashigi da sunanta, kada ya yarda da "hanya lafiya" kawai, don mutanen ƙauye ba sa son su ce wa babba kada ya zo. A tashi bayan asuba, a ƙetare rafuka kafin azahar, tun da hadari ya fi haɗuwa da la'asar. Littattafai da rasit a naɗe su cikin leda, a ɗora a ka. A kuma sanar da jami'an tsaro kafin a ratsa Falgore.