Idan Rumbun Kwamfuta Ya Cika

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, babu wanda za a koya wa sha'anin rumbu. Kafin kaka, manomi yakan shiga ya fitar da ƙaiƙayi da abin da gara ta ɓata, ya share, sannan ya jera sababbin dammuna. To, kwamfuta ma tana da nata rumbun, wanda masu gyara ke kira diski. Nan take ajiye takardu, hotuna da manhajoji, kuma shi ma yana cika.

Wata rana na zauna a shagon wani mai buga takardu a Madawa. Wani dattijo daga kwarin Tarka yana jiran a buga masa sunayen ƴan ƙungiyarsu ta manoman albasa. Kwamfuta ta yi nauyi, an danna ta ƙi motsi, layin da ke nuna cikar diski ya koma ja. Yaron shagon ya ce, "Baba, a yi haƙuri, inji ya gaji." Da aka bincika, sai ga finafinan Kano da bidiyon kokawar takobi jibge a ciki. Injin lafiyarsa ƙalau, wuri ne ya ƙare masa.

Ma'aunin rumbun

Ana auna diski da mega da giga, kamar yadda ake auna hatsi da tiya da buhu. Giga ɗaya kusan mega dubu ne. Wasiƙa mai shafi biyu ba ta kai mega ɗaya ba, hoton waya yakan ci mega 2 zuwa 5, amma fim guda yana iya lashe giga sukutum. Diskin farko da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1956 haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka. Yau hoto ɗaya zai kusa cika shi.

Yadda ake shara

Na farko, ka buɗe jakar Téléchargements, wato inda abin da aka sauke daga intanet yake taruwa. Yawancin tarkace nan yake, har abu ɗaya a sauke shi sau uku.

Na biyu, ka sani abin da ka goge bai tafi ba, yana cikin Corbeille, wato kwandon shara, yana cin wuri. Ka duba shi da kyau, sannan ka zubar.

Na uku, Windows tana da tsintsiyarta mai suna Nettoyage de disque, wadda ke kwashe dattin da kwamfuta ke tarawa da kanta.

Na huɗu, ka cire manhajojin da ba ka aiki da su. Amma kul ka taɓa jakar Windows, ko wani fayil da ba ka san amfaninsa ba. Ka riƙa barin kamar kashi ɗaya cikin goma na diskin a sarari.

Abin da ba a zubarwa

Nan ne ake son natsuwa. Takardun filaye, sunayen ɗalibai, lissafin ƙungiya, duk iri ne, ba a haɗa su da ƙaiƙayi. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a Keita a 1984 da taimakon Italiya, da layukan dogon yaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975, wanda ya adana hotunansu da takardunsu ya bar wa jikoki shaida. Saboda haka, kafin ka goge komai, ka kwafe muhimman abubuwa a kile, wato USB, ko wani diskin daban, ka ajiye inda ƙura da zafi ba sa kaiwa. Diski yana mutuwa ba sallama, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka keɓe yini ɗaya kowane wata ka leƙa rumbun, kada dattijo ya taso tun daga Tarka ya koma gida ba takarda.